Irin Geron da Na Bari a Sawakin

Azumin bana ya zo mana da sanyi da ruwa. Ran nan da hantsi hadari ya taso ta bayan dutsen Uhudu, kafin in gama jawo buhunana cikin rumfa ya sauko, masu ziyara suka watse da gudu zuwa motocinsu da dardumai a ka. Ina da 'yar rumfa a wurin, ina sayar da dabino da tasbaha da hatsin da baƙi ke saya su watsa wa tattabaru. Hatsin nan alkama ce gauraye da gero, kuma duk kiyayewar mutum sai ya zube. Bayan 'yan kwanaki na zo buɗe rumfa sai na ga kore a gindin bango, inda siminti ya tsage. Na durƙusa na duba. Tsiron gero ne, siriri kamar allura, bai san ba a gona yake ba.

Na daɗe a durƙushe har maƙwabcina mai sayar da turare ya leƙo ya ce, "Salamat ya Hajj, ko gwiwar ce?" Na ce masa gwiwa lafiya lau.

Watan azumi zagaya shekara yake yi, sai ya ɗauki shekara talatin da 'yan kai kafin ya dawo inda ya bar mutum. To bana ya dawo daidai inda ya same mu a Sawakin, cikin sanyi da ruwa. 'Yata Azumi, wadda aka haifa a can, ita ta ce in rubuta, domin 'ya'yanta suna jin Hausa amma da Larabci suke ba ni amsa, in na soma labari kuma talabijin ke cinye su. Karatuna na allo ne, bokon a hanya na tsince shi, saboda haka zan faɗi abin yadda ya zo mini.

Mu ba jirgin sama ya kawo mu ba. Daga wani ƙauye a ƙasar Damagaram muka taso, ni da matata Hajara, muna sababbin aure. Masu tafiyar ƙasa a zamanin nan suna da wata al'ada: ba a fita sai da iri. Inda damina ta tare ka, nan za ka tsaya ka nemi aron gona, ka shuka, ka girbe, ka ci, ka sayar da saura, ka cire iri, ka yi gaba. Ranar da za mu tashi mahaifina ya miƙo mini wata jakar fata cike da gero. Ya ce, "Ba ni da raƙumi ba ni da jaki da zan ba ka. Wannan geron kakanka ya bar mini, shi ma gada ya yi. Ka ci komai a hanya, ban da iri." Wannan ce maganarsa ta ƙarshe da na ji, don ban sake ganinsa ba.

Geron nan ya yi tafiya tare da mu. Mun shuka shi a Wadai, mun shuka shi a yashin Kurdufan, mun shuka shi kusa da Gadarif inda kowa dawa yake nomawa. Ko'ina ya yi, gajere mai saurin nuna, zangarniyarsa da ɗan gashi a baki. Kowace kaka nakan zaɓi manyan zangarku in sussuke su da hannu in cika jakar. In na buɗe ta na shaƙa, sai in ji kamar ina tsaye a bakin rumbun gidanmu.

Mun isa Sawakin, bakin tekun da alhazai ke hayewa zuwa Jidda, a makare. Alhazan shekarar sun riga sun haye, aka ce mana sai baɗi.

Garin biyu ne. Akwai na tudu, inda kasuwa take, da zangon alhazai, da bukkokinmu na Takari waɗanda aka yi da buhu da gwangwani. Akwai kuma tsibirin, wanda wata 'yar hanya ta haɗa shi da tudu. A kewaye yake kamar faifai, ƙarami ne ƙwarai, mutum zai zagaye shi kafin tuwo ya huce. Amma ban taɓa ganin gini irin nasa ba. Benaye hawa biyu, hawa uku, an gina su da wani farin dutse da ake haƙowa daga cikin teku, mai ramuka kamar saƙar zuma. Tagoginsu na katako ne mai zane, sun turo waje suna inuwa a kan lungu. Hasumiyar masallatai biyu a tsaye. Sai dai babu mutane. Gida ya tsage biyu kana hango matakala tana hawa sama ba ta isa ko'ina ba. Kyanwoyi ne masu garin, manya-manya, ba sa matsa wa kowa a hanya.

A cikin 'yan tsirarun da suka rage a tsibirin akwai wata tsohuwa Bahaushiya, Iya Tasalla. Tana yarinya iyayenta suka zo da ita za su haye, suka rasu a zango suna jiran jirgi, wani attajiri ya ɗauke ta wanki da daka. Tun daga ranar tana nan. Hajara ce ta fara saninta a bakin rijiya, ta gano ashe ta wajen uwa mutanen ƙasarmu ce, daga nan ta zama uwarmu.

A bakinta na ji tarihin garin, ba a zaune ɗaya ba, guntu-guntu, tana wanki tana faɗi. Ta ce da idonta ta ga jiragen Jidda da na Masar da na Hindu sun jeru a bakin tsibirin har ana jefa wa juna igiya. Raƙuma su shigo da ƙaro da fatu da riɗi, su fita da yadi da sukari da turare. Da azumi kowane gida sai ya fito da akushi ƙofa, baƙo ya zaɓi inda zai zauna. Sai Turawa suka ce bakin ruwan ya yi wa manyan jirage ƙunci, suka gina sabuwar tasha a Bor Sudan. Ba a rana ɗaya garin ya tashi ba. Bana wannan gida ya kulle, baɗi wancan, kowa yana cewa zai dawo in kasuwa ta gyaru. Maigidanta ya ba ta mabuɗi ya ce ta riƙa share tsakar gida. Ta share har rufin sama ya zubo, ta koma ɗakin ƙasa ta ci gaba da shara.

"Dutsen nan rai gare shi," in ji ta. "Kowace shekara sai an shafe shi da farar ƙasa. In aka bar shi tsirara ruwa ya shiga ramukansa, shi ke nan, ya tuna teku."

Na taɓa tambayarta me ya hana ta hayewa, ga Jidda nan kwana ɗaya a ruwa. Ta ce, "Kowace shekara da dalilinta, ɗan nan. Ka dai yi addu'a kada ka soma ƙirga naka."

Zafi ya shigo. Na san zafin ƙasarmu, busasshe ne, ka shiga inuwa ka huta. Na Sawakin jiƙaƙƙe ne. Riga ba ta bushewa a jiki, gishiri ya yi mata zane fari a baya. Teku ta kwanta shiru kamar an zuba dalma, ba ta ko motsi. In iska ta taso daga wajen duwatsu kuma, sai ka ce an buɗe bakin tanda. Ruwan sha daga rijiyoyin bayan gari ake kawo shi a salka bisa jakuna, yana da ɗan zartsi, kana sha kana jin ƙishi. Kowa jikinsa ya yi ƙuraje.

Ana cikin haka sai muka soma ganin hadari. Kullum da la'asar ya haɗu baƙi ƙirin a kan duwatsun yamma, ana walƙiya, ana jin cida daga nesa. Muka lissafa watanni da yatsu, muka ga daidai lokacin da ake shuka ne a gida. Jikin manomi ba ya jin magana in ya ga haka. Mu kusan magidanta goma a zango, duk masu jakar iri, muka kasa zaune muka kasa tsaye. Muka ce mu yi binne.

Yaran yanzu ba su san binne ba. Shi ne a shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, iri ya kwanta yana jira, ranar da aka yi ruwan fari ya riga na kowa tashi. A ƙasarmu dabara ce ta masu himma. Muka sami wani kwari bayan rijiyoyi, muka nemi izini wurin wani dattijon Hadandawa, ƙabilar makiyayan yankin, mai raƙuma a wajen. Ya dube mu, ya dubi sama, ya ce wani abu da yarensu, ya ɗaga kafaɗa ya ce mu yi. Wani maƙeri a cikinmu ya ƙera mana sungumi da ƙarfen tsohuwar taga.

A cikinmu akwai Tanko, Bakano, abokin wasana, wanda bakinsa ba ya hutawa. Ni da shi muna tafe da sungumi a kafaɗa muka ci karo da Iya Tasalla a kan hanyar tsibiri, da ƙullin wanki a ka.

Ta ce, "Ɗan nan, ina za ku da wannan?"

Na ce, "Binne za mu yi, Iya. Ba ki ga hadari ba?"

"Wancan hadarin na mutanen dutse ne. Ba ya saukowa nan. Namu ruwan sai sanyi ya shigo."

Tanko ya ƙyalƙyale da dariya. "Ruwa da sanyi? Haba Iya. Ko a Damagaram da komai nasu a karkace yake ba a taɓa yin wannan ba."

Ta ce, "Ni dai na faɗa muku. Ku ajiye irinku."

Da na yi shiru da ya fi mini. Amma ƙuruciya tana kaina, ga mutane suna ji. Na ce, "Iya, wanda ya yi shekara hamsin bai gano hanyar Jidda ba, ina zai gano hanyar hadari?"

Ta gyara ƙullinta ta wuce. Ko Tanko bai yi dariya ba. Allah Ya yafe mini wannan harshe, ya sha jawo mini abin da hannuna bai jawo ba.

Muka yi binne. Maza a gaba muna sara da sungumi, mata a baya suna jefa iri suna rufewa da diddige, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa har sai an ɗaura tsumma. Wani ya ɗauko waƙar noma aka amsa masa, na ɗan lokaci muka manta inda muke. Da rana ta take sai ga Iya Tasalla ta ɓullo da tulu a ka, ta ajiye a gindin wata ƙaya, ta juya ba ta tsaya an gode mata ba. Ni na so in juye jakar duka, don kwarin yana da faɗi. Hajara ta riƙe bakinta ta ce, "Malam, ba a juye jaka a binne. Ana barin na ciko." Na yi tsaki na ƙyale ta. Abin da ya rage bai cika ƙoƙo ba.

Sai jira. Kullum da la'asar mu fita bayan zango mu tsaya muna kallon yamma. Hadari ya haɗu, ya yi baƙi, ya matso har mu ji ƙanshin ruwa a iska, sai ya tsaya cak a kan duwatsu kamar an ja masa layi, ya zubar da abin da ke cikinsa a can. Muka yi roƙon ruwa, muka juya riguna. Da aka kwana biyu na je na tona rami ɗaya na ga babu komai, na tona na gaba na sami ƙwaya biyu sun soye, na murza suka zama gari. Tururuwa ta yi hanya daga gonar zuwa gidanta, ɓeraye sun gama da saura.

Tanko ya tsuguna yana kallon layin tururuwar ya ce, "To Badamagare, ga ladan sadaka mun samu. Sai dai ba mu yi niyya ba."

Daga nan yunwa ta zauna. Ɗan guzurin da muka zo da shi mun taɓa shi da ƙarfin gwiwar za mu girbe. Dawa ta yi tsada a kasuwa. Aikin da ake samu ɗaya ne: ɗaukar dutse. Masu gini a tudu suna sayen dutsen gidajen da suka zube, wasu su ƙona shi su yi farar ƙasa. Da sassafe mu shiga tsibiri, mu tona tarin gini, mu ɗora a ka ko a amalanken jaki. Dutsen yana da kaifi, ya yanka tafin hannu, gishiri ya shiga. In wanda ya zube ya ƙare, mukan taimaki bangon da ke shirin faɗuwa. Na sha cire katakon taga mai zanen da wani ya ɓata watanni yana sassaƙawa, na kai gida Hajara ta hura wuta da shi. Idan yau aka ce Sawakin ta rushe, ba na cewa zamani ne kawai. Akwai abin da na ɗauka da kaina.

Abincinmu kisira ce, wata 'yar waina ta dawa mai sirin takarda, sau ɗaya a yini, da kifin da masunta suka raina. Hajara tana da ciki a lokacin. Ƙarnin kifin teku ba ya zama mata, tana ci tana mayarwa. Ta rame har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, sai wata rana tana kwance cikin zazzaɓi na ji tana cewa, ba da ni take ba, "Kunun gero. Ko ludayi ɗaya."

A lokacin duk abokan binnenmu sun cinye na cikonsu. Tanko ma ya dama nasa, ya ce gara ya shuka shi a inda ya tabbata akwai laima. Na tashi na ɗauko jakar, na aro turmi, na juye geron a ciki. Ƙarar zubarsa ce ta sa ta buɗe ido.

"Malam, me kake yi?"

"Kunu zan sa a dama miki."

"Mayar da shi."

"Baba bai ce in bar ki ki mutu saboda ƙoƙon gero ba."

Ta yunƙura ta jingina da buhun bango. Ta ce, "In ka daka shi, kafin magariba ya ƙare, gobe yunwar tana nan inda take. Sannan ba mu da gida. Wannan jakar ce kaɗai ta san daga inda muka fito."

Na tsaya da taɓarya a hannu. Daga bisani na durƙusa na tsince shi daga turmin, har wanda ya maƙale a tsagar itace na zaƙulo da tsinke.

Washegari Iya Tasalla ta zo, ban san wa ya gaya mata ba. Ta dubi bukkarmu, ta dubi Hajara, ta ce, "Ɗauko ta." Muka kai ta tsibiri, ɗakin ƙasa na gidan attajirin, mai kaurin bango da sanyi kamar randa. Iya ta riƙa yi wa matan Hadandawa wanki suna biyanta da nonon raƙumi, tana ba Hajara da cokali. Maganar da na faɗa mata a hanya ba ta taɓa tayar da ita ba, ni ma kunya ta hana ni.

Zafi ya ja jiki a hankali. Iska ta juya ta koma daga arewa, teku ta farka ta soma dukan gindin gidaje. Wata safiya na fito alwala na ji ruwan buta yana cizon hannu. A raina na ce to shi ke nan, rani ya kama, shekara ta wuce ba ɗigo. Aka ga watan azumi. Muka ɗauka da kisira da ruwa, amma azumin sanyi rahama ne, yini gajere.

A cikin kwanakin farko, da azahar, ina kan tarin dutse sai na ga gari ya rufe ta wajen teku. Ba baƙin hadarinmu mai cida ba, wani toka-toka ne mai shiru. Iska mai sanyi ta bugo har na naɗe hannu a hammata. Sai ɗigo a goshina. Na ce raɓar teku ce. Sai wani, sai wani, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ina rawar ɗari ruwa yana dukana, abin da tun da uwata ta haife ni ban taɓa haɗa su a jiki ɗaya ba. Farin dutsen garin ya jiƙe ya koma ruwan ƙasa, wani ƙanshi ya tashi, rabi na ƙasa rabi na kifi.

Na ruga gidan Iya. Tana tsaye a ƙofa ta jera tukwane a ƙarƙashin indararo. Kafin in buɗe baki sai muka ji wata ƙara a ƙarshen lungu, ƙasa ta girgiza, farar ƙura ta tashi cikin ruwan. Wani bene ne ya zauna.

Iya ta ce, "Gidan masu turare ke nan. Kowane ruwa da gidan da yake ci." Ta share fuskarta da gefen mayafi, ta juyo ta ce, "Me kake jira? Ɗauki jakarka."

Mun shuka washegari, da azumi a baki. Iri na mutum ɗaya ne, amma duk abokan binne suka fito. Tanko ya karɓe sungumi ya ce Badamagare bai iya layi ba. Hajara ta yi nauyi, saboda haka Iya ce ta bi bayanmu tana jefa ƙwaya uku-uku, tana rufewa da diddigenta mai faso. Ba mu yi waƙa ba. Gonar duka ba ta fi filin masallacin unguwa ba. Da magariba muka sha ruwa a bakin kwarin da dabino ɗaya-ɗaya da dattijon Hadandawa ya miƙo mana, ya dafa mana gahawa da citta a 'yar tukunyarsa ta ƙasa.

Ya tsiro. Ranar da na ga layin kore a kan yashi na yi sujada a wurin. Aka ƙara ruwa, aka kuma ƙarawa, kowanne da bangon da ya tafi da shi a tsibiri. A goman ƙarshe Hajara ta sauka a ɗakin Iya, aka sami mace, sunanta ya zo da ita. Muka kewaye gonar da ƙaya saboda awaki da raƙuma, muka yi noman fari, muka yi maimai. Geron ya yi kara, ya yi ciki, ya fitar da kai, ga ɗan gashin nan a bakin zangarniya kamar yadda na san shi. Tsuntsaye suka gano mu, muka riƙa kwana biyu-biyu muna kora da gwangwani.

Ƙwaya tana ruwa-ruwa, in ka matsa farin nono ya fito, sai wakilin alhazai ya zo zango ya ce jirginmu ya iso, jibi za a shiga.

Kowane manomi ya san gero a wannan hali yana ciwuwa amma ba ya shukuwa. In ka yanke shi ka shanya, ƙwayar ta motse, ko ka binne ta ba ta tashi. Yana bukatar kamar mako uku a kan kara. Jirgi kuwa ba ya jiran mako uku, na bayansa ba namu ba ne. In mun tsaya, sai wata shekara, da wani zafin, da jaririya a hannu.

Na je gonar na zauna. Na ce a raina zan tsaya. Na shirya dalilaina tsaf: wasiyyar uba, wahalar da aka sha, shekara ɗaya ai kamar gobe ce. Da na koma tsibiri na jera wa Iya su, tana jijjiga Azumi a cinya.

Ta bari na gama. Ta ce, "Dalilinka mai kyau ne. Nawa na farko ma mai kyau ne."

Ta gyara wa Azumi kwanciya, ta ci gaba.

"Gero ba a wajabta masa Hajji ba, ɗan nan. Kai aka wajabta wa. Ya rako ka har bakin ruwa, ya isa. Can da za ka, dutse ne da dabino, ina za ka shuka shi?"

Na ce, "To in bar wa tsuntsaye?"

"Ka bar mini. In ya nuna zan yanke in cire iri. Kafin nan alhazai sun soma dawowa, ta nan za su bi. Ba a rasa mai komawa Damagaram. In cika masa jaka in ce ya kai shi gida."

Na ɗauko jakar fatar na ajiye a gabanta. Sai a lokacin bakina ya buɗe na ce, "Iya, maganar da na faɗa miki ranar binne..."

Ta ce, "Wace? Na tsufa, ba na riƙe magana." Ta miƙa wa Hajara yarinyar. "Je ka karyo mana tumu, kada yarinyar nan ta haye ruwa ba ta ji ƙanshin garinsu ba."

Na karyo 'yan zangarku, muka gasa a tsakar gidan attajirin. Hajara ta murza a tafin hannu, ta hure, ta zuba a baki. Ta daɗe tana taunawa idonta a rufe. Wannan ne kunun da ta roƙa, ya zo mata a makare, ta wata siffa.

Ranar tafiya Iya ta rako mu har inda ake hana 'yan rakiya wucewa. Da jirgi ya juya ya bi ta gefen tsibirin, na hango ta ta koma bakin ruwa, a gindin wani bene da ya rage rabi, da jakar rataye a kafaɗa. Tanko yana kusa da ni, ya buɗe baki zai yi wasa, ya fasa.

Ban sake ganinta ba. Bayan 'yan shekaru wani da ya biyo ta Sawakin ya ce mini ta rasu, gidan ma ya zauna a ruwan da ya biyo baya. Na tambaye shi labarin gero, ya ce bai sani ba. Na yi mata Hajji, na yi wa mahaifina. Mun zauna a nan Madina, unguwar Harra ta Gabas, na yi aikin dabino a Khaibar har ƙarfina ya ja baya, Hajara tana kwance a maƙabartar Baƙi'a yanzu. Yau ruwa a famfo yake, gero a kanti cikin leda, jikokina ba sa shan kunu sai an sa musu madarar gwangwani. Duk shekara in alhazan Nijar sun zo rumfata nakan tambayi na wajen Damagaram ko sun san wani gero gajere mai gashi a baki. Wasu su ce akwai irinsa, wasu su ce ba su lura ba.

Jiya da safe ma'aikacin baladiyya, mai sharar gari, ya iso gindin bangon da tsintsiyarsa da abin kankarewa. Tsiron ya yi ganye huɗu. Na san ba zai yi kara ba, tsagar siminti ce, kuma sanyin Madina ba ya daɗewa da laima. Na taso na riƙe hannunsa na ce, "Khalli, ya waladi. Bar shi ya yi kwanansa."

Ya dube ni, ya dubi ciyawar, ya ɗaga kafaɗa kamar yadda dattijon nan mai raƙuma ya taɓa yi mana. Ya kewaye ta da tsintsiya ya wuce.